Allurar Baya: Ina Maganin Yake Bi Bayan An Tura Shi?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan daga masu karatunmu na Legas sun karkata ne kan allurar da ake yi wa mutum a baya domin kashe zafin naƙuda ko na tiyata. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko, domin a kan amsarta ne sauran suka doru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da na haihu, haihuwar fari, a wani asibiti mai zaman kansa a nan Legas. Da naƙuda ta tsananta sai aka yi mini allurar baya, wadda suke kira efidural. Bayan kamar minti 20 sai ɓangarena na dama ya yi shiru gaba ɗaya, amma na hagu yana nan yana ci na, daga mara har zuwa matsematsi. Na daure na daɗe ban faɗa ba, saboda surukata tana ɗakin kuma ina jin nauyinta. Da na gaya wa nas, likita ya zo ya kwantar da ni ta hagu, ya taɓa robar da ke bayana, ya ƙara magani, sannan na samu sauƙi. Yanzu a gida ana cewa jinina ne ba ya karɓar allura, wai ko na sake yi haka za ta kasance. Gaskiya ne? Daga mai jego, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Maganar cewa jininki ba ya karɓar allura ba ta da tushe, kuma hujjar tana cikin wasiƙarki: jinin da ke gudana a damanki shi ne ke gudana a hagunki, ga shi dama ya yi shiru tun da farko, hagu kuma ya bi sahu da zarar maganin ya iso gare shi. Abin da ya faru ya shafi hanyar da maganin ya bi ne a cikin bayanki, saboda haka sai na fara bayyana miki yadda wurin yake.

Ƙashin bayan mutum jeri ne na ƙasusuwa 33: guda 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda mai faɗi a tsakanin ƙugu, sai 'yan ƙanana 4 a can ƙarshe. A tsakiyar jerin akwai kororo, kuma ta cikinsa laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Lakar ba a tsirara take ba, tana cikin wata jaka mai ruwa, wadda bangonta na waje tantani ne mai kauri da likitoci ke kira dura. Tsakanin wannan tantani da bangon kororon akwai 'yar tazara da ta faro daga gindin ƙoƙon kai har zuwa ƙarshen ƙashin nan mai faɗi, kuma ita ce sararin efidural. Ko da yake ana kiransa sarari, ba fanko ba ne. Cike yake da kitse da jijiyoyin jini, kuma ta cikinsa ne jijiyoyin saƙo da suka fito daga laka, tagwaye 31, ke ratsawa su fita ta ƙofofin da ke gefen ƙasusuwa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, zuwa sassan jiki. A daidai kwankwaso, inda ya fi faɗi, bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, yana ƙara tsukewa idan aka yi sama, a wasu wuraren ma tantanin ya manne da ƙashi, babu tazarar sam.

Za ki tuna an zaunar da ke a bakin gado, ƙafafunki a kan 'yar kujera, an ba ki matashi kin rungume, an ce ki sunkuyar da kai ki turo bayanki waje. Wannan zama yana buɗe tsakanin ƙasusuwan ne. Likita ya dafa saman ƙugunki biyu da hannu, domin layin da ya haɗa su yana bi ta wajen ƙashi na 4 na kwankwaso, daga nan ya ƙirga ya zaɓi gurbi. Lakar baligi tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na 1 zuwa na 2 na kwankwaso, shi ya sa ake son a shiga ta ƙasa da nan. Allurar tana ratsa fata da kitse da jijiyoyi masu tauri da ke ɗaure ƙasusuwan, tafiyar santimita 4 zuwa 6 a jikin yawancin mutane, kuma duk wannan tafiya likita ba ya ganin bakin allurarsa, da hannu yake ji. Yana riƙe da sirinji mai ruwan gishiri, babban yatsansa yana danna shi a hankali. Muddin bakin allurar yana cikin jijiya mai tauri ruwan ba zai shiga ba, amma da ya huda ta ƙarshe sai turjiyar ta ɓace nan take, ruwan ya tafi salun-alun, ya san ya iso. Wani likitan Italiya, Achille Mario Dogliotti, shi ya yaɗa wannan dabara a farkon shekarun 1930, kuma har yau da ita ake aiki a Legas da ko'ina. Daga nan sai a zura siririyar roba mai kaurin kusan milimita 1 ta cikin allurar, a bar santimita 4 zuwa 5 nata a cikin sararin, a zare allurar, a manne robar da filasta har kafaɗa. Babu ƙarfen da ya rage a bayanki, robar nan kaɗai ce, kuma ta cikinta ake ta ƙara magani.

To, ina maganin yake nufa idan ya fito daga bakin robar? An daɗe ana ɗauka cewa yana cika wurin ne bai ɗaya, ya hau sama ya sauka ƙasa daidai wa daida. Wani likita a Amurka, Quinn Hogan, ya binciki lamarin ta hanyar tura ruwa mai launi a wannan sarari a jikin mamata, ya daskarar, ya yi ta yanka siraran yanka yana dubawa, kuma abin da ya wallafa a 2002 ya nuna cewa ruwan ba ya tafiya a dunƙule. Rarrabuwa yake yi ta ƙananan hanyoyi masu yawa, tsakanin kitse da tantani, tsakanin kitse da ƙashi, yana bin duk inda ya fi sauƙin buɗewa. Duk wanda ya ga yadda ruwan sama ke bi ta lungunan Agege a watan Yuni ya san irin wannan tafiya: wani lungu ya cika har gwiwa, na kusa da shi kuma ƙasa a bushe, sai ruwan ya ƙaru sannan ya mamaye duka.

Maganin da aka tura kuma ba duka ne ke isa ga jijiyoyin saƙo ba. Wani kaso kitse ke shanyewa ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali. Wani kaso jijiyoyin jini ke kwashewa su kai hanta ta sarrafa shi. Wani yana zurarewa waje ta ƙofofin gefe. Abin da ya rage shi ke jiƙa saiwoyin jijiyoyin saƙo a inda tantanin ya yi musu hannun riga, wuri ne da ba shi da kauri sosai, wani ɓangare kuma ya ratsa tantanin a hankali ya shiga ruwan da laka ke ciki. Idan ya shiga jijiya sai ya toshe 'yan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi, waɗanda sai da su saƙon zafi ke iya tafiya, don haka mahaifa tana ci gaba da matsawa amma labarin ba ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan ratsawa tana cin lokaci, shi ya sa kika jira minti 15 zuwa 20 kafin ki ji canji.

Yanzu sai batun hagunki. Robar nan mai laushi ce, kuma bayan ta fita daga bakin allura babu mai iya juya akalarta. Da wuya ta tsaya a tsakiya cak. Takan karkata gefe ɗaya, ta naɗe, wani lokaci ma, musamman idan an zura ta da nisa, bakinta ya leƙa ta ƙofar gefe. Idan aka tura magani kaɗan ta robar da ta karkata dama, zai bi hanyoyin dama ya jiƙa jijiyoyin wannan ɓangare, na hagu kuwa bai kai gare su ba. Doguwar kwanciya a gefe ɗaya tana ɗan taimaka wa hakan, domin ɓangaren da ke ƙasa yakan riga na sama kamawa. A jikin wasu mutane kuma akwai zaruruwan nama a tsakiyar sararin da ke rage wa ruwa saurin tsallakawa, ko da yake wannan ba shi ne dalilin da aka fi samu ba. Abin da likitanki ya yi shi ne abin da littafi ya tanada: ya kwantar da ke ta ɓangaren da ke ciwo, ya janyo robar baya da kamar santimita 1 domin bakinta ya dawo kusa da tsakiya, ya tura magani mai ɗan yawa a lokaci guda domin ƙarfin turawar ya buɗe hanyoyin da ba su buɗe ba. Da hakan bai yi ba, da sai ya zare robar ya sake sa wata. Bayanin da likitocin Ingila ke raba wa mata masu ciki ya nuna cewa kusan mace 1 cikin 10 allurar ba ta kama ta yadda ake so a karon farko. Abu ne sananne mai gyara, kuma inda roba ta kwanta a wannan haihuwa bai nuna inda wata za ta kwanta a ta gaba ba. Ki dai gaya wa likitan da zai yi miki nan gaba abin da ya faru, domin ya sa ido tun da wuri.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki, shi ne shirun da kika yi. Na san tarbiyyarmu, na san yadda ake yaba wa macen da ta haihu ba a ji muryarta ba, balle a haihuwar fari, balle a gaban suruka. Amma babu na'urar da ke nuna wa likita inda magani ya kai a cikin bayanki, bakinki ne kaɗai ma'auninsa. Idan ya ɗora ƙanƙara ko audugar da aka jiƙa da sifirit a cinyarki, ya hau da ita zuwa mara da cibiya yana tambaya ko kin ji sanyi, taswirar maganin yake zanawa, dama daban hagu daban. Macen da ta ce ba komai alhali tana jin zafi ta ba shi taswirar da ba daidai ba, kuma idan haihuwar ta juye aka bukaci tiyatar gaggawa, da wannan roba za a so a yi amfani. Ya fi kyau ƙwarai a gane ba ta zauna daidai ba tun a ɗakin naƙuda. Idan nauyin suruka ne, ki roƙi nas a keɓe ta nemi kowa ya ɗan fita, wannan haƙƙinki ne.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. An yi wa maiɗakina aiki aka ciro jariri, allura ɗaya aka yi mata a baya, ta ce kafin ta gama kwanciya ƙafafunta sun yi nauyi. Ƙanwata kuma da aka yi wa tata, sai da aka jira, kuma an bar mata roba. Shin allura ɗaya ce, ko an yi wa ɗayansu ba daidai ba?

AMSA: Malam, duka biyun daidai ne, allurai ne iri biyu da mutane ke haɗawa a suna ɗaya. Ta ƙanwarka ita ce efidural da na bayyana a sama, wadda ke tsayawa a wajen jakar laka. Ta maiɗakinka kuwa ita ce sifainal, wadda ake yi da allura siririya ƙwarai a huda tantanin da gangan, a zuba magani kai tsaye cikin ruwan da ke cikin jakar, a ƙasa da inda laka ta ƙare. A can jijiyoyin saƙo suna shawagi ne a cikin ruwa ba tare da kitse ko tantani mai kauri ya tare su ba, don haka mililita 2 zuwa 3 sun isa, kuma cikin minti 5 aiki ya kama. Kafin efidural ta kashe jiki har a iya yin irin wannan tiyata, sai an tura mililita 15 zuwa 20 na magani mai ƙarfi. Sifainal ta girmi efidural a tarihi: wani likita, August Bier, ya fara yin ta a birnin Kiel na Jamus a 1898, sai a 1921 wani likitan soja ɗan Sifaniya, Fidel Pagés, ya bayyana yadda ake tsayawa a wajen tantanin ta kwankwaso, robar da ake bari kuwa wani likitan Kuba, Manuel Martínez Curbelo, ya fara sa ta a kwankwaso a 1947.

Yadda maganin ke tafiya a wuraren biyu ma ya bambanta. Maganin sifainal da aka fi amfani da shi a asibitocinmu, wato bufibakain mai nauyi, an haɗa shi da sukarin gulukos domin ya fi ruwan laka nauyi, saboda haka yana gangarawa duk inda jiki ya karkata, kuma likita na iya hawar da shi ko ya tsayar da shi ta hanyar karkata gadon tiyata a mintunan farko. A efidural karkata gado ba ya yin wannan tasiri sai kaɗan, abin da ke tura maganin shi ne yawansa da wurin da aka saka shi. Tiyatar ciro jariri tana bukatar jiki ya mutu har daidai nonuwa, ko da yake a mara ake yanka, domin jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga tantanin cikin ciki suna shiga laka ne ta can sama. Sifainal tana ba da wannan cikin sauri kuma da tabbas, shi ya sa ita aka fi yi wa mata a Nijeriya idan za a yi musu aiki. Iyakarta ita ce tana sakin mutum bayan awa 2 zuwa 3 kuma ba a iya ƙarawa, naƙuda kuwa tana iya kwana, sai roba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce a Idi-Araba. Na lura ana rage wa tsofaffi da masu ciki yawan maganin efidural. Na kuma ga mace tana cikin sauƙi tun safe, amma da kan jariri ya sauko sai ta fara jin zafi a ƙasa. Mene ne dalili?

AMSA: 'Yata, kin lura da kyau. Ƙa'idar da ake koyarwa, wadda ta samo asali daga binciken wani likita, Philip Bromage, na farkon shekarun 1960, ita ce kowace gaɓa ta jijiyoyin saƙo da ake son kashewa tana bukatar mililita 1 zuwa 2 a jikin baligi. Amma ƙiyasi ne kawai, kuma shekaru ne suka fi komai sauya shi. Yayin da mutum ke tsufa ƙofofin gefen nan suna tsukewa, maganin da zai zurare waje ya ragu, sai ya tafi sama da ƙasa da nisa, ga shi kuma jijiyoyin tsoho sun fi saurin kamuwa. Abin da zai tsaya a cibiyar matashi yana iya kaiwa ƙirjin ɗan shekara 75, jininsa ya faɗi. Tsawon mutum da nauyinsa ba su cika yin tasiri ba sai idan sun wuce misali.

A mai ciki kuwa, mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, sai jinin ya nemi wata hanya ta jijiyoyin da ke cikin sararin efidural, waɗanda ba su da murfin da ke hana jini komawa baya. Sukan kumbura su cinye wuri, sai magani kaɗan ya yi nisa, sannan sinadaran ciki suna sa jijiyoyin saƙo su fi jin magani. Wannan kumburi yana ƙaruwa a lokacin da mahaifa ke matsawa, kuma shi ne dalilin da likita ke dakatawa idan mace ta ce ga shi nan ya taso, domin a wannan lokaci roba ta fi saurin faɗawa cikin jijiyar jini.

Tambayarki ta biyu tana da amsa mai daɗin fahimta. Zafin matakin farko na naƙuda, na matsawar mahaifa da buɗewar bakinta, yana shiga laka ne ta jijiyoyi na 10 zuwa na 12 na bayan ƙirji da ta farko ta kwankwaso, wato sama da inda aka sa roba. Zafin mataki na biyu, lokacin da kai ke buɗe hanya, yana bi ne ta jijiyoyi na 2 zuwa na 4 na ƙashin nan mai faɗi, can ƙasa. Maganin da aka tura a kwankwaso ya fi son hawa sama a kan sauka, kuma a kan hanyarsa ta sauka akwai jijiya ta 5 ta kwankwaso da ta farko ta ƙashi mai faɗi, waɗanda su ne mafiya kauri, ratsa su sai a hankali. Saboda haka sama na iya yin shiru ƙasa bai kama ba. Idan roba ta daɗe tana aiki maganin yakan isa can da kansa, idan kuma naƙudar ta yi sauri sai an ƙara.

A naƙuda ana son magani mai yawa amma tsinkakke, kamar bufibakain na kashi 0.1 cikin 100 haɗe da ɗan fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Yawan yana sa ya bazu, tsinkewar kuma tana sa ya kama siraran jijiyoyin zafi ya bar masu kauri na motsi, mace ta iya ɗaga ƙafa ta kuma yi nishi. An kuma gano cewa injin da ke tura magani a dunƙule lokaci-lokaci ya fi wanda ke ɗiga shi ba tsayawa bazawa, domin ɗigo yana bin hanya guda da ya samu a buɗe, turawa kuwa tana buɗe sababbi. Naki aikin bayan kowane ƙari shi ne auna hawan jini duk minti 5 har tsawon minti 15 zuwa 20, sauraron bugun zuciyar jariri, gwada sanyi a ɓangarorin biyu, da hana mace kwanciya rigingine. Idan ta ce ƙaramin yatsan hannunta ya fara mutuwa, ko numfashi yana yi mata nauyi, maganin ya hau fiye da kima, ki tsayar da injin ki kira likita ba tare da jinkiri ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne mai sana'ar dabbobi a Alaba Rago. 'Yata tana da tsohon ciki, an ce mata za a iya yi mata wannan allura. Muna jin ana cewa tana hawa kai, tana shanye ƙafafu, tana barin mace da ciwon baya har tsufa. Ina neman gaskiyar magana, da kuma ko za ta iya wankan jego bayanta.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma, ya sauke ta lafiya. Zan faɗa maka haɗarin yadda yake, ba ragi ba ƙari. Maganin da ke cikin sararin efidural ba ya hawa ya shiga ƙwaƙwalwa ta wannan hanya, domin sararin a rufe yake a gindin ƙoƙon kai. Haɗarin yana zuwa ne idan roba ta shiga inda ba a nufa ba. Idan ta faɗa jakar laka aka tura mata yawan maganin efidural, zai hau da sauri ya taɓa numfashi da bugun zuciya. Idan ta faɗa jijiyar jini, mace za ta ji kunnenta yana ƙara, bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe, leɓɓanta sun mutu, idan aka ci gaba har ta kai ga jijjiga. Saboda waɗannan biyun ne likita ke fara zuƙo robar da sirinji ya ga ko jini ko ruwa zai fito, sannan ya tura ɗan gwaji kamar mililita 3 ya jira, sauran kuma ya ba da shi kaɗan-kaɗan yana magana da ita. Dukansu suna da magani idan an yi a wurin da ke da iskar oksijin da kayan farfaɗowa da likitan da ya ƙware a wannan fanni, don haka tambayar da ta kamata ku yi wa asibitin ita ce wa zai yi allurar, kuma shin yana nan a kusa dare da rana.

Shanyewar ƙafa ta dindindin tana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya ta fitar a 2009 ya nuna cewa a cikin matan da aka yi wa allurar baya wajen haihuwa, waɗanda suka samu lahani mai ɗorewa ba su kai 1 cikin 50,000 ba. Abin da kan jawo shi shi ne jini ko ƙwayar cuta su taru a wannan matsattsen sarari su danne laka. Shi ya sa ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini sai an ba da tazara, ko wadda ƙwayoyin daskarar da jininta suka yi ƙasa sosai, abin da kan faru ga masu hawan jinin ciki, ko mai ƙurji a wurin da za a soka. Ta je da katin awonta, ta faɗi duk abin da take sha, har da na gargajiya.

Ciwon baya kuwa, bitar bincike da Cochrane, cibiya mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta sabunta a 2018 ba ta samu bambanci ba wajen ciwon baya mai daɗewa tsakanin matan da aka yi wa efidural da waɗanda ba a yi wa ba, kuma a wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar cikin abin da ta amince a ba mace mai lafiya idan ta nema. Ciki da goyo da sunkuyon aikin gida su ke kawo yawancin ciwon bayan da ake ɗora wa allura. Wurin da aka soka kan yi tsami na 'yan kwanaki ya wuce. Abin da ya fi aukuwa shi ne, a kusan mace 1 cikin 100, allurar ta huda tantanin bisa kuskure, ruwan laka ya riƙa ɗiga, ta samu ciwon kai mai tsanani idan ta tashi zaune, ya lafa idan ta kwanta. Idan bai bari ba ana ɗibar jininta kamar mililita 20 a zuba a wannan sarari ya daskare ya toshe hudar.

Wanka ba laifi bayan an zare roba kuma jin jikinta ya dawo sarai, amma kada a kusantar da ruwan zafi ko garwashi ga fatar da ba ta gama farfaɗowa ba, domin za ta ƙone ba ta sani ba, kuma mai hawan jini ta nemi shawarar likita kafin ta shiga wanka mai zafi sosai ko shan kunun kanwa. Bayan awa 4 da ƙarin magani na ƙarshe ya kamata ta iya ɗaga ƙafarta miƙe daga kan gado, idan ta kasa a gaya wa likita a lokacin. Idan kuma bayan an koma gida ƙafa ta sake yin nauyi, ko baya ya kama ciwo mai tsanani tare da zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, a mayar da ita asibiti a wannan sa'a ko da tsakar dare ne, domin idan wani abu ne ya danne laka, ana son a cire shi cikin kamar awa 8.